Ranar uwa da Shammun Nasim a Alƙahira: yaya zan yi da yarana?

Bakatsiniya a Hayyul Ashir:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Shawara na zo nema, musamman wajen waɗanda suka riga ni zama da yara a Masar.

Karatu ne ya kawo maigidana Azhar, muka biyo shi, muna zaune a Hayyul Ashir cikin Madinatu Nasr. Yaranmu uku, biyu suna makaranta, autan yana goye. Tunda watan Maris ya kama babu zancen da ake yi a gidan nan sai na Idul Umm, ranar uwa da Misirawa ke yi ran 21 ga wata. Malamar babbar ɗiyata ta ce kowa ya zo da kwali da gam da fensirin kala za su haɗa kati, kuma a ranar za a tara iyaye mata a makaranta, a zaunar da su a gaba, yara su rera musu waƙa. Yarinyar ta daina sayen komai da kuɗin tararta, tana ƙulle su cikin safa a ƙasan akwati. Na gani, ban nuna mata na gani ba. Shagunan unguwa kuwa duk sun fito da tukwane da tire da kofunan shayi bakin titi, an naɗe su da leda mai ƙyalli an rubuta rangwame.

Ga kuma na biyu. Akwai wata dattijuwa Bamisriya a hawan da ke samanmu, Musulma ce, yaran nan Teta suke ce mata. Tun yanzu ta fara cika musu kunne cewa ranar Shammun Nasim, bikin fita shan iska na Misirawa, za ta kai mu lambu, za su rina ƙwai, a shimfiɗa tabarma a kan ciyawa a ci kifi da albasa mai lawashi. Bara ina jego, sai na ba ta uzuri. Bana ba ni da wani uzuri, kuma ba na son in karya mata gwiwa, domin da na haifi autan ita ta tsaya a kaina. Kullum da hantsi sai ta sauko da romon kaza da wani abin sha mai kauri da man shanu da gyaɗa a kai, wanda suke ba mai jego, mugat suke ce masa, ta zauna sai ta ga na shanye.

To tambayata ta farko ita ce ta addini. Waɗannan ranaku biyu, ya halatta mu shiga da yaranmu? A gida ban taso na ga ana yi ba.

Ta biyun ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ni 'yar fari ce. Innata tana wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni "ke" take cewa, in tana zancena da wasu ta ce "yarinyar nan". Ko a ranar aurena ba ta yarda an gan ta kusa da ni ba. Amma ita ce, in bazara ta yi aka fito da tabarmi tsakar gida, take tashi cikin dare ta zauna a gefena da mafici tana yi mini firfita, a zatonta na yi barci. Mu ba mu san kati ba. Abin da muka sani shi ne ka durƙusa ka gaishe ta da safe, ka tare ta ka sauke mata tulu, in Allah ya hore maka ka sayo mata turmin atamfa da goro, ita kuma ta ce Allah ya yi maka albarka. Yanzu ga ɗiyata za ta miƙo mini takarda da zanen zuciya, ta rungume ni a gaban jama'a, alhali matar da ta fi ni cancantar wannan tana can tana daka, kuma jikokinta in an haɗa su a waya gaisuwa ɗaya suke yi su miƙo mini.

Haka ma lokacin kansa. Yarana sun san watannin furanni na Masar, sun san iskar khamasin da ke sa a rufe tagogi saboda ƙura. Bazarar gida kuwa ba su san ta ba. A irin wannan lokaci mangwaro ya nuna har yana faɗowa, ɗorawa ta bushe a sama, ka ga yara baki duk rawaya da garinta. Maza suna sharar gona suna kai taki a kan amalanke. Ruwan randa ya fi komai daɗi. Sai wata rana da safe a ga shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gari, tsofaffi su ce to a fito da iri, ruwa ya kusa. Na tambayi ɗana na biyu ko ya san shamuwa, da Larabci ya amsa mini, yana tambaya wace ce.

Ba na ƙin abin da suke koya a nan. Misirawa sun karɓe mu, kuma yaro a inda ya tashi nan yake buɗe ido. So nake in san yadda zan bar su su yi murna da abokansu ba tare da Innata da garinmu sun fita daga zuciyarsu ba. Waɗanda suka riga ni, yaya kuka yi?

Hajiyar Abbasiyya:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da hidimar yara. Ni a nan na yaye nawa, har wasu sun yi aure, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Ranar uwa ta Masar ba daga coci ta fito ba, daga gidan jarida ta fito. Wasu tagwaye ne 'yan jarida, Mustafa Amin da Ali Amin, waɗanda suka kafa jaridar Akhbar al-Yaum a 1944, su suka kawo shawarar a ware wa uwa rana. Aka zaɓi 21 ga Maris saboda nan ne sanyi ke ban kwana, aka fara yi a 1956, daga baya ƙasashen Larabawa da dama suka ɗauka. Har yau gwamnati kan zaɓi uwa abar koyi daga kowane lardi a karrama ta, kuma yawanci za ki tarar zawarawa ne da suka sha wahala suka ilmantar da marayu. Ki je makarantar. Ki sa tufafinki na gida, atamfa da mayafi, kada ki ce sai kin saje da su. Duk abin da yarinyar ta sayo da kuɗin nan na cikin safa ki karɓa hannu biyu, kada ki tambayi farashi, kada ki ce me ya sa ta ɓata kuɗi. Ki sa mata albarka da Hausa, irin yadda Innarki ke sa miki.

Shammun Nasim kuwa yana cikin bukukuwan da suka fi daɗewa a ƙasar nan, tun zamanin Fir'aunoni ake yin sa. Yana faɗowa ranar Litinin da ke bin Istar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, shi ya sa kwanan watansa ke yawo tsakanin Afrilu da farkon Mayu. Hutu ne na ƙasa, Musulmi da Kirista kowa fita yake yi. Ba salla ba ce, ba wata ibada a ciki, shan iska ne da cin abinci a waje. In za ku fita ku yi sammako, don kafin azahar ba wurin sa ƙafa. Lambun Azhar da ke titin Salah Salim yana da kyau amma ana cika, Ƙanaɗir inda Nilu ya rabu biyu ya yi muku nisa da goyo. Hadiƙa Dauliyya tana nan cikin Madinatu Nasr, ita ta fi muku sauƙi.

Yanzu ki saurare ni da kyau a kan kifin, don nan ne haɗarin yake. Iri biyu za ki gani. Akwai ringa, wanda aka busar da hayaƙi, launinsa ruwan zinare. Akwai kuma fasikh, kifin buri ne da ake bari ya ɗan kumbura sannan a binne shi cikin gishiri na makonni, kuma ɗanye ake cin sa da lemon tsami da mai. In ba gwani ne ya haɗa shi ba yana iya ɗaukar wata guba mai shanye jijiyoyi, wadda hanci ba ya ganewa, don mai kyaun ma wari gare shi. A 1991 a nan Alƙahira mutum 91 aka kwantar saboda shi, 18 suka rasu. Duk shekara ma'aikatar lafiya sai ta yi gargaɗi. Kada ki bari ko ɗanɗane yaranki su yi, ke ma da kike shayarwa ki bar shi. Teta ba za ta ji haushi ba, su kansu Misirawa da yawa ba sa ba ƙananan yara. Ringa kuma ki gasa shi a wuta sosai, ki ba su kaɗan saboda gishiri. In wani a cikinku ya ci fasikh ya fara gani biyu-biyu, ko fatar idonsa ta sauko, ko haɗiya ta gagare shi, asibiti kai tsaye, ba jiran gari ya waye.

Sauran kayan duk lafiya lau ne: latas, albasa mai lawashi, tirmis (wani irin wake ne ruwan ɗorawa), da malana, wato ɗanyen wake da ake sayarwa da reshensa, yara suna son ɓare shi.

Rinin ƙwai kuma kada ki sayi hodar kala ta kan titi. Ki nemi farin ƙwai. Ɓawon albasa in kika tafasa shi da ƙwan zai ba ki ja mai duhu, kurkum ya ba ki rawaya. Ki zuba cokali ɗaya na ruwan khal don rinin ya kama. Ki gwada zoɓo ma, wanda suke ce wa karkade: yara za su zaci ja zai fito, sai su ga ƙwai ya koma shuɗi mai toka-toka. In kina son ado, ki manna ɗan ganye a jikin ƙwan, ki ɗaure shi tamau cikin tsohuwar safa mai shara-shara kafin ki jefa a tukunya, siffar ganyen za ta fito fes. In ya huce a shafa masa mai ya yi ƙyalli. Ragowar zoɓon da ba a sa khal ba ki haɗa shi da citta da kanumfari ki tafi da shi lambu.

Ɗalibin Shari'a:

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa Bakatsiniya, Allah ya raya zuri'a. Ni ɗalibi ne, abin da malamai suka faɗa kawai zan kawo a kan tambayarki ta farko.

Akwai saɓani. Darul Ifta ta Masar ta ba da fatawar cewa ware rana don girmama uwa ya halatta, tana kallon sa a matsayin al'ada da ke ƙarfafa abin da shari'a ta riga ta yi umarni da shi. Haka ta ce game da Shammun Nasim, al'ada ce ta zamantakewa matuƙar ba a haɗa da saɓo ba. A ɗaya ɓangaren, malamai irin su Shaikh Ibn Usaimin sun ce idin uwa ƙirƙira ne, domin idukan Musulunci sanannu ne, kuma uwa ta fi ƙarfin a tuna da ita rana ɗaya a shekara. Kowane ɓangare yana da mabiya cikin 'yan'uwanmu ɗalibai a nan, kuma suna salla sahu ɗaya.

Inda babu saɓani shi ne matsayin uwar. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim sananne ne: wani ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wa ya fi cancantar kyakkyawan zamana, ya ce mahaifiyarka, har sau uku, a na huɗu ya ce mahaifinka. Aya ta 14 cikin Suratu Luƙman kuma ta ambaci ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni da yaye cikin shekara biyu.

Shawarata ki zauna da maigidanki, tunda shi ma almajiri ne, ku tsaya a kan magana ɗaya kafin yara su ji. Kuma ko wane ra'ayi kuka bi, kyautar yarinya ba a mayar da ita.

'Yar Mai Wurno:

Salamu alaikum 'yar'uwa. Ni Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Nilu Shuɗi. Ni a Omdurman na yi aure, yanzu kuma muna Faisal a Giza tun da yaƙi ya koro mu.

Maganar shamuwa da kika yi ta taɓa ni. Ban taɓa ganin Katsina ba, uwata ba ta gani ba, amma ga shi ina rubuto miki da Hausa bayan fiye da shekara ɗari. Ba makaranta ce ta riƙe mana ita ba. A madafi aka riƙe ta, da wajen tatsuniya, da bakin kakanni. A waje Larabci muke yi, da mun shigo gida kakata ba ta amsa wa kowa sai da Hausa. Ko ruwa kake so, in ka roƙa da Larabci sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ɗanki da ya amsa miki da Larabci, kada ki yi masa faɗa, ki maimaita masa amsar tasa da Hausa ya faɗa, ki ci gaba da aikinki.

Mu ma a Sudan muna ranar uwa 21 ga Maris, kuma a Khartum da Omdurman ana fita bakin kogi ranar Shammun Nasim. A 2023 ya faɗo 17 ga Afrilu, cikin azumi, kwana biyu bayan an fara harbe-harbe. Ba wanda ya fita. Muna kwance a ƙasa nesa da tagogi.

Abin da nake roƙonki shi ne ki tuna da yaran da ba su da wadda za su miƙa wa kati. 'Ya'yan yayata biyu suna hannuna, Allah ya yi mata rasuwa muna hanya. Da ranar uwa ta zo a makarantarsu ta nan, ƙaramar ta dawo da katinta a jaka ba ta ba kowa ba, sai da dare na tsince shi a ƙarƙashin matashinta. Ba ta san ko ya dace ta ba ni ba, ni kuma ban san yadda zan ce mata ta ba ni ba. Muka zauna muka karanta wa uwarta Fatiha da Ƙulhuwallahu, sannan ta ce in ajiye mata shi. A kowane aji akwai irinsu, 'yan Sudan da 'yan Siriya da Misirawan kansu. In kin je makarantar ki duba yaron da ke zaune shi kaɗai, ki kira shi ya zauna kusa da ke. Misirawa suna da ranar maraya a Juma'ar farko ta Afrilu, abu ne mai kyau, amma 21 ga Maris ce ranar da ta fi yi musu nauyi.

In kun fita lambu kuma, ba dole sai kifinsu ba. Mu agashe muke yi, wanda a wajenku tsire ne. Duk Sudan ta san Hausawa ne suka kawo shi.

Kaka daga Funtuwa:

Jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa mata. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da uwarki.

Kada ki aika mata kati, kada kuma ki kira ta ki ce kina son ta, za ki sa ta jin nauyi ne ta rasa inda za ta sa kanta. Ni ma ina da ɗan fari a ƙasar waje, na san abin. Abin da ba ta iya yi miki, jikoki take jira ta yi wa. Kin manta kaka da jika abokan wasa ne? Namijin mijinta ne, macen kishiyarta. Yaranki suna gaisuwa ɗaya su gudu ne don ba wanda ya koya musu tsokana. Ki koya wa yaron ya ce mata, "Tsohuwa, na sake ki, na sami Balarabiya." Ki koya wa yarinyar ta ce ta fi ta iya tuwo. Ki miƙa musu wayar ki bar ɗakin, don in kina tsaye ba za ta saki jiki ba.

Tatsuniya ma ita za ki roƙa, ta bakin yaran. Ƙaninki ya naɗi muryarta a waya ya turo. Amma da dare za a yi, mu ba ma yin ta da rana.

In kina da abin hannu, ki tura wa ƙanin naki ya kai mata, ya ce daga jikoki ne. Yanzu lokacin taki ne da iri, za ta san inda za ta sa. Shamuwa ba ta iso nan ba tukuna, zafi dai muke sha.

Bakatsiniya a Hayyul Ashir:

Iyayena da 'yan'uwana, na gode, Allah ya saka da alheri. Na jira ranar ta wuce ne don in zo muku da labari.

Malam, mun zauna da maigidan kamar yadda ka ce. Ya zaɓi kada mu kira ta idi a gidanmu, amma in je makaranta, yara kuma su yi kyautarsu. Ni ma hankalina ya kwanta da haka.

Hajiya, na sa atamfata kamar yadda kika ce, har iyaye mata biyu suka zo suna taɓa zanen suna tambayar inda ake sayarwa. Abin da ke cikin safar nan ashe kofin shayi ne na gilashi mai hannu, da cokali ɗaya. Ta ce ta lura kullum ni ce ta ƙarshe wajen shan shayi, kuma a kofin da ya rage nake sha, shi ya sa take so in sami nawa. Na karɓa hannu biyu. Da na ce Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki, sai ta ce amin da Hausa ba tare da na tuna mata ba. 'Yar'uwata ta Mai Wurno, na duba kamar yadda kika ce. Yaro ne ɗan ajinsu, uban ne ya kawo shi ya tsaya a bakin ƙofa saboda ɗakin duk mata ne. Na yafito shi ya zauna tsakanina da goyona, ya riƙa wasa da ƙafar autan har aka tashi.

Mama ta Funtuwa, maganarki ce ta buɗe mini ƙofa. Bayan isha'i na kira ƙanina, Masar tana gaban gida da awa ɗaya don haka su lokacin suna shirin shimfiɗa. Na koya wa yaron abin da zai ce, muka maimaita har ya riƙe. Na ba shi wayar na shiga madafi, amma ina jiyo su. Da ya ce ya sake ta ya sami Balarabiya, sai na ji Innata ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta a gabana ba. Ta ce masa Balarabiyar ta iya dama fura? Ta ce ya biya ta kuɗin goron da ya ci bashi tun ranar sunansa. Yarinyar ta ƙwace wayar, Inna ta ce wace kishiyar ce wannan mai muryar sauro. Suka yi ta yi har katin ƙanina ya kusa ƙarewa. Da za a kashe sai na ji ta ce wa yaran, "Ku gaishe da uwarku, ku ce ta riƙa cin abinci." Ni ba ta nemi a ba ni wayar ba, kuma ban ji ciwon haka ba ko kaɗan.

Washegari da dare ƙanina ya turo muryarta. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce. Da ta ce "ga ta nan ga ta nanku" sai yaran suka yi shiru suna kallona, na tsayar na koya musu su ce "ta zo mu ji ta", muka mayar daga farko. Rabin kalmomin ba su gane ba, sai ina tsayarwa ina bayani, kuma a bayan muryarta ana jin kukan akuya da wata tana tankaɗe. Yaron ya fi damuwa da akuyar, yana tambaya ta waye, tana da 'ya'ya nawa. Yanzu ya ba kawunsa aiki: duk ranar da shamuwa ta sauka a kan kuka ya ɗauko masa hotonta. Kuɗin takin ma na tura da sunansu.

Saura Shammun Nasim. Na gaya wa Teta za mu je, amma yara ba za su ci fasikh ba. Ta ce ai ita ma jikokinta ringa kawai take ba su. Mun gwada rinin ƙwai tun yanzu don hannu ya saba. Na ɓawon albasa ya fi kyau, na zoɓo kuwa yarinyar ta ce sai ta kai wa malamarta ta gani. Hadiƙa Dauliyya za mu je da sassafe.

'Yar'uwata ta Mai Wurno, ina gayyatarki ke da yaran duka, har da 'ya'yan marigayiya, Allah ya jiƙanta. Na san Faisal da nisa, amma ranar hutu ce, in kun fito da wuri hanya ba cunkoso, maigidana zai tare ku. Ni zan zo da zoɓo da fura, Teta da ƙwai da latas, ke kuma ki koya mini agashe irin na Omdurman, a gida za mu gasa mu tafi da shi. Ki rubuto mini ta akwatin saƙo ki faɗa mini nama kilo nawa zai ishe mu, da ko in daka ƙuli-ƙulin a nan ko kina da naki haɗin yajin.